Abin da ya kamata ku sani: Yadda ake jin girgizar ƙasa daga nesa

Ranar 6 ga Fabrairu 2023, da misalin ƙarfe 2:17 na dare agogon Najeriya, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa Turkiyya da Siriya, ta halaka mutum fiye da 50,000. Kafin a cika minti goma motsinta ya ratsa ƙarƙashin Dutsen Habude na Birnin Kudu da gonakin Gwaram. Ba wanda ya farka, ko ruwan randa bai kaɗa ba. Irin wannan motsi sai na'ura.

Na'urar auna girgizar ƙasa ba ta da wuyar fahimta. Wani nauyi ne ake ratayewa a cikin akwati, akwatin kuma a kafe shi a kan dutse. In ƙasa ta motsa, akwatin ya bi ta nan take, nauyin kuwa sai ya yi jinkiri. Wannan ɗan bambanci ake rubutawa, a da da alƙalami a kan takarda mai juyawa, yanzu a kwamfuta. Tun 1889 aka gane tana jin nesa, sa'ad da wata na'ura a Potsdam ta Jamus ta kama girgizar da aka yi a Japan.

To, yaya ake sanin inda abin ya faru? Girgiza tana aiko motsi iri biyu ta cikin ƙasa. Na farko mai sauri ne, yana cin kusan kilomita 6 a daƙiƙa a duwatsun sama, ya fi haka a can ƙasa. Na biyu bai kai shi gudu ba, kuma ba ya ratsa ruwa. Kamar walƙiya da tsawa ne: in tazarar da ke tsakaninsu ta yi tsawo, abin yana nesa. Tasha ɗaya nisa kawai za ta faɗa. Sai an haɗa aƙalla uku, kowace a zana mata da'ira a taswira, inda suka haɗu nan ne wurin. Shi ya sa ƙasashe ke musayar bayanan tashoshinsu ta intanet.

Mu ma a Najeriya muna da namu tashoshin. Cibiyar da ke wannan aiki tana Toro, a jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, da tashoshi a wurare irin su Kaduna, Ile-Ife da Nsukka. A ganina sun yi kaɗan ga ƙasa mai faɗin Najeriya, musamman tun da ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. Tsohon dutse mai tauri irin na Birnin Kudu, nesa da hayaniyar manyan motoci, shi masana ke nema in za su kafa tasha. Ya kamata a dubi yankin nan.

Kai kuma mai karatu, in ka taɓa jin ƙasa ta motsa, duba agogo ka riƙe lokacin, sannan ka sanar da hukuma.