Daga Aso Zuwa Gurara: Yadda Za A Zaga Duwatsun Abuja Cikin Yini Guda

Daga Wakilinmu a Abuja

Akwai mutane da yawa da suka shekara goma ko fiye a Abuja, amma in ka tambaye su abin da suka sani na ƙasar, ba ya wuce hanyar gida zuwa ofis da kasuwa. Kullum suna wucewa ta gindin duwatsu, ba su taɓa tsayawa sun ɗaga kai ba. Alhali kuwa duk wanda ke da tsohuwar takardar Naira 100 da ta Naira 20 a aljihu, yana ɗauke da hotunan abin da baƙi ke tasowa daga ƙasashe masu nisa domin su gani. A bayan tsohuwar Naira 100 akwai Dutsen Zuma, a bayan Naira 20 kuwa akwai Ladi Kwali tana ginin tukunya. Dutsen da garin da ta yi aiki duka ba su wuce tafiyar sa'a guda daga tsakiyar birnin ba.

Magidanci mai mota yana iya ɗaukar iyalinsa ran Asabar, ya nuna musu waɗannan wurare har da magangarar ruwan Gurara, ya komo da su gida kafin a kira magariba. Amma fa sai da shiri, domin irin wannan tafiya ba nisan hanya ke ɓata ta ba, rashin lissafin lokaci ne.

Ni kaina sai da na sha wuya kafin na gane haka. Karon farko da na yi wannan zagaye ban bar gida ba sai wajen ƙarfe 11, na kuma riƙa tsayawa a kowane wuri da ya ba ni sha'awa tun daga na kusa. Ban isa Gurara ba sai bayan la'asar. Ko rabin sa'a ba mu yi a bakin ruwa ba muka juyo, duhu ya rufe mu a tsakanin tankokin mai da tireloli, yara suna barci a baya, uwarsu tana ta salati, ni kuwa ina laluben ramuka da fitila. Allah ya kai mu gida lafiya, amma tun daga ran nan na riƙe ƙa'ida guda: a fara da wuri mafi nisa da safe, sa'an nan a riƙa komowa ana tsayawa, yadda yamma za ta iske mutum a kusa da gida.

Zaɓen rana da wata

A Abuja rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7 na yamma duk shekara, saboda haka wanda ya tashi ƙarfe 7 na safe yana da sa'a 11 a hannunsa. Zagayen da za mu bayyana ya ɗan haura kilomita 200, zuwa da komowa, watau kamar sa'a biyar ke nan a cikin mota, sauran shida na kallo da salla da cin abinci.

Watannin da suka fi dacewa su ne Oktoba da Nuwamba. A lokacin ruwan sama ya ja baya, duwatsu suna nan kore shar, sararin sama garau, Gurara kuma tana cike. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rufe duwatsu har a rasa ganin kansu sosai. A tsakiyar damina kuwa, wajen Agusta da Satumba, ruwan Gurara ya fi ban sha'awa amma ya fi haɗari, kuma hadari na iya tasowa ya raba mutum da shirinsa. Ranar Asabar ko ta hutu ta fi, domin a ranakun aiki titin Kubwa kan cushe da ma'aikata safe da yamma.

Gurara da hantsi

Daga tsakiyar birni sai a kama babban titin Murtala Muhammed, wanda aka fi sani da titin Kubwa, har Zuba. Daga nan a ɗauki hanyar Kaduna. Ba a jima ba Dutsen Zuma zai bayyana a gaba, kuma lalle yara za su ce a tsaya. A ba su haƙuri, yana nan yana jira. A wuce har mararrabar Dikko, inda ake barin hanyar Kaduna a kama ta Minna. Magangarar tana kusa da ƙauyen Bonu, cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja, kimanin kilomita 100 daga Abuja. In babu tangarɗa, ƙarfe 9 da rabi an isa.

Tun kafin a ga ruwan ake jin rugugin sa. Kogin Gurara, wanda ke zuba cikin Kwara, yana faɗowa ne daga tsawon kimanin mita 30, kuma in ya cika faɗinsa kan kai mita 200. Da rani, musamman daga Janairu zuwa Maris, ruwan kan ja baya ya rabu reshe-reshe, duwatsun ƙasa su fito, har a sami wurin zama a kan yashi. Abin da mazauna Abuja da yawa ba su sani ba shi ne, wannan kogi yana cikin abin da su ke sha. An yi masa madatsa can sama a Jihar Kaduna, daga nan kuma wani ƙaton bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 ke kawo ruwan zuwa madatsar Usuma, wadda ke shayar da birnin.

Nan ne ya kamata uba ya buɗe ido ƙwarai. Duwatsun bakin ruwa suna da santsi, kuma ƙarfin ruwan ya wuce yadda a ke zato daga nesa. Kada a bar yaro ya sauka shi kaɗai, kada kuma a shiga wanka sa'ad da kogin ya cika, komai iya iyon mutum. A nemi ɗan jagora daga mutanen wurin, a bi inda ya ce a bi, a sallame shi da abin da ya dace. Sa'a biyu sun isa. Ƙarfe 11 da rabi a tattara kaya, a kwashe ledoji da kwalabe kada a bar su ga kogi, a juyo.

Suleja, watau Abuja ta asali

Zango na biyu shi ne Suleja, inda za a yi azahar a ci abinci. Wanda bai san tarihin wannan gari ba bai san ma'anar sunan babban birnin ƙasarsa ba. A farkon ƙarni na 19, sa'ad da masu jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya gudo kudu da jama'arsa ya zauna a wajen Zuba. Ya rasu a yaƙi kusa da Lapai cikin 1825. Ɗan'uwansa Abubakar Ja, wanda a ke kira Abu Ja, shi ne ya kafa sabon gari cikin 1828, aka kuma sa wa garin sunansa. Shi ya sa har yau sarautar garin ita ce Sarkin Zazzau.

Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu, 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma aka koma kiransa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Gwamnatin Tarayya ba ta tare a sabon birnin ba sai ran 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

A wannan gari ne wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata maginiya 'yar ƙauyen Kwali, suka ƙayatar da shi. Ladi Kwali ta shiga makarantar cikin 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta je Ingila da Amurka ta nuna yadda a ke ginin tukunya da hannu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ta rasu cikin 1984. In aka ciro Naira 20 aka nuna wa yara a nan, za su ga Murtala a gaba, Ladi Kwali a baya, watau wanda ya ɗauki sunan garin da wadda ta kai sunan ƙasashen waje. Wannan darasi ba za su manta da shi ba kamar na allo.

Zuma, Ushafa da Aso

Wajen ƙarfe 2 da rabi sai a cika wa yara alkawari a tsaya a Zuma, kusa da Madalla. Ko da ya ke a kan kira shi ƙofar Abuja, dutsen yana cikin Jihar Neja ne. Curi guda ne, ya tashi sama kimanin mita 300 daga filin da ke kewaye da shi, kuma a jikinsa akwai wasu zane-zane da ke kama da fuskar mutum, da idanu da hanci da baki. Masana sun ce irin waɗannan duwatsu narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da, ruwa da iska suka yi ta zaizaye ƙasar da ta rufe shi har mai taurin ya rage a tsaye. Mutanen ƙasar kuwa, Gbagyi da Koro, suna da nasu labaru a kansa, kuma a zamanin yaƙe-yaƙe ya zama musu mafaka.

A nemi fili a sauka daga kan kwalta gaba ɗaya kafin a buɗe ƙofa. Hanyar Kaduna ba ta barci, kuma tsallake ta da ƙafa domin neman hoto mai kyau ganganci ne. Hawan dutsen ba aikin wannan rana ba ne, yana bukatar jagora da ƙarfin jiki da yini nasa daban.

Daga Zuma a komo ta titin Kubwa, a ratse ta Dutsen Alhaji a kama hanyar Bwari zuwa Ushafa. Wannan ɗan guntun hanya shi ne ya fi kama da tafiyar kan dutse, da hawa da gangara da kwana-kwana, tuddai hagu da dama. A Ushafa akwai cibiyar ginin tukwane wadda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta cikin Agusta, 2000, kuma nan ne wurin sayen tsaraba. Madatsar Usuma tana kusa, ruwa shimfiɗe a tsakanin duwatsu, amma da ya ke ruwan shan birni ne, shiga sai da izinin hukumar ruwa, saboda haka a nemi izinin tun kafin ranar. In lokaci ya ƙure, wannan zango ne za a yafe, ba wani ba. A yi la'asar, ƙarfe 5 ta yi wa mutum a kan hanyar birni.

Za a rufe yini da Dutsen Aso, mai tsawon kimanin mita 400, wanda fadar shugaban ƙasa da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli ke gindinsa. Sunan daga harshen Gbagyi ya ke, ma'anarsa nasara. Daga lambun Millennium, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe cikin Disamba, 2003, a kan ga hasken yamma a jikinsa sosai. Sai dai a kiyaye ɗaukar hoto a kusa da shingayen jami'an tsaro.

Mota da lafiyar hanya

Rigakafi ya fi magani. Tun ran Juma'a a kai mota ga makaniki ya duba birki da tayoyi da ruwan lagireto da fitilu. A tabbatar safaya tana da iska, jak da sifana suna cikin but, lasin da takardun mota ba su ƙare ba. A cika tanki tun daga Abuja. A ɗauki ruwan sha isasshe, da guzuri, da tabarma da buta, da 'yan kuɗi a hannu na shiga wurare, domin ba ko'ina waya ke samun sabis ba. A gangara a sa ƙaramar giya, kada a dogara ga birki kaɗai. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a sa'a a kan babban titi, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Abu biyu ne ba za mu ɓoye wa mai karatu ba. Na farko, hanyar Suleja zuwa Minna hanya ce ta manyan motoci. Ran 18 ga Janairu, 2025, wata tankar mai ta faɗi a mararrabar Dikko ta kama da wuta, mutane fiye da 80 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka taru ɗibar mai. Wanda ya iske tanka a kwance, kada ya tsaya kallo, ya yi nesa da iyalinsa. Na biyu, a farkon 2024 an yi fama da masu garkuwa da mutane a yankin Bwari. Halin tsaro kan sauya daga wata zuwa wata, saboda haka kafin a tashi a tambayi direbobin haya a tashar Zuba da mazauna yankin, gama matambayi ba ya ɓata. A gaya wa wani a gida inda aka nufa da sa'ar komowa, in da hali kuma a yi mota biyu. In aka ji labarin da bai kwanta a rai ba, a fasa, duwatsun ba za su gudu ba.

Wasu za su ce ai ainihin hanyar dutse ita ce ta Keffi da Akwanga zuwa Hawan Kibo, inda a ke ganin ruwan Assop da duwatsun Riyom kafin a shiga Jos. Gaskiya ne, kuma ta cancanci a bi ta. Amma wannan tafiya ce ta kwana, wanda kuwa ya ce zai je ya komo a yini guda, dare zai yi masa a kan hawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. A fara da abin da ke ƙofar gida, a tashi da sassafe, a komo da rana tsaye, a kuma bar yara su san ƙasar da su ke girma a cikinta. Allah ya kiyaye hanya, amin.