Walili, birnin da ya gangara bakin gulbi

Yara, kun taɓa zuwa kufai? Kufai shi ne wurin da mutane suka zauna a da, suka tashi. In ka duba ƙasa da kyau sai ka ga tsingaro, da toka, da guntun dutsen niƙa. Akwai malamai waɗanda aikinsu ke nan: su tona kufai a hankali, su karanta abin da ƙasa ta ɓoye. Abin da suka iske can ƙasa shi ne mafi tsufa, na bisa kuwa shi ne na baya-bayan nan. Yau za mu bi su zuwa wani kufai a ƙasar Maroko, kamar kilomita 30 arewa da birnin Meknes. Sunansa Walili. Rumawa suna ce da shi Volubilis.

Yawancin mutanen Walili Barbar ne, harshensu ɗan'uwan harshen Abzinawa ne. Amma Rumawa sun mallake su fiye da shekara 200. A lokacin nan birnin ya kai hekta 42, yana da ganuwa mai ƙofa 8, mutanensa sun kusa 20.000. Manyan gari suna zaune bisa tudu cikin gidajen dutse. Ba su zuwa rijiya. An gina doguwar magudana wadda ke kawo ruwa daga wani marmaro na duwatsun Zerhun har cikin gari.

Daga ina arzikin ya fito? Daga karkara. Manoman ƙauyuka suna noma alkama, suna shuka itacen zaitun. In zaitun ya nuna sai a kawo shi birni a niƙa, a zuba cikin kwanduna, a danne da babban gungume, mai ya tsiyaye cikin kwamin dutse. Masu tono sun ƙirga wuraren matse mai 58 cikin Walili. Ku tuna wahalar da mata ke sha wajen matse man gyaɗa, sannan ku ce wuri 58!

Wajen shekara ta 285 bayan haihuwar Annabi Isa, sojojin Rum da ma'aikatansu suka janye, suka koma arewa bakin teku. An daɗe ana zaton daga nan Walili ya mutu. Laifin masu tono na farko ne. Faransawan da suka soma aiki a wurin a 1915, gidajen Rumawa masu ado suke nema. Suka yi ta kwashe ƙasar bisa suna zubarwa, ba su kula da ƙananan ɗakunan da ke cikinta ba. Ashe tarihin shekaru ɗaruruwa ne suke zubarwa.

Da aka sake dubawa da haƙuri, sai aka gane mutane ba su tashi ba. Gangarawa suka yi. Magudanar ruwa ta lalace, ba mai gyara ta. To, wa zai zauna bisa tudu ba ruwa? Sai suka koma yammacin gari, kusa da gulbin Kuman. Suka ɗebo duwatsun tsofaffin gidaje, suka ja sabuwar ganuwa ta tsakiyar birni, suka zauna cikin hekta 18 kawai. Unguwar manya ta dā, a nan suka riƙa binne matattu.

Kaburburan nan sun ba da labari. Bisa waɗansu an sami duwatsu masu rubutu da harshen Latin, harshen Rumawa, da sunayen Kirista. Shekarun da aka rubuta sun kama daga 599 zuwa 655. Ku lissafa: daga 285 zuwa 655 shekara 370 ke nan. Rumawa sun tafi, amma rubutunsu bai bi su ba.

A shekara ta 788 wani baƙo ya iso daga gabas, sunansa Idrisu ɗan Abdullahi, jikan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Barbar na ƙabilar Awraba suka karɓe shi, suka naɗa shi shugaba. Tsakanin 2000 da 2005, masu tono na Maroko da na Ingila suka binciki gine-gine na zamaninsa, bayan ganuwa, bakin gulbi. Suka iske gidaje masu fili a tsakiya, da ɗakin wanka mai ruwan zafi, da ramukan ajiye hatsi, da kuɗin ƙarfe masu rubutun Larabci. Ramukan hatsin suna nuna manoma ba su daina kawo amfanin gona ba.

Idrisu ya rasu a 791. Ɗansa Idrisu na biyu ya mai da sarauta birnin Fas, mutane suka yi ta bin sa kaɗan-kaɗan. Daga baya wani sarkin Maroko, Mulay Isma'il, ya sa aka kwashi duwatsun Walili don gina Meknes, girgizar ƙasa ta 1755 kuma ta ka da sauran ginin da ke tsaye. Har yau manoman wurin suna noma alkama da zaitun kewaye da kufan.