Wa Zai Gaji Ɗorawar Gona? Binciken Masana A Karkarar Kano

Rijiyar Zaki, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo a kan hanyar Gwarzo, tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano inda gona ke manne da gona, ana nomawa kowace damina ba hutu. Masana sun daɗe suna nazarin wannan karkara, kuma tambayar da ta fi tasiri cikin bincikensu ita ce ta sabbin shiga, watau su wa ke tasowa su maye gurbin waɗanda suka tsufa. Ana yin wannan tambaya a kan ɗaukar ɗalibai da ɗaukar ma'aikata, har ma a kan itatuwan gona.

A cikin 1965 Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da J. Wilson suka wallafa rahoto a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki. Sun bayyana yadda jakuna ke kai itace birni su komo da taki a mangala, ta haka ƙasa ke riƙe ƙarfinta duk da yawan jama'a. Daga baya Mortimore ya koma Jami'ar Bayero, inda shi da abokan aikinsa suka binciki itacen girki na Kano, aka buga sakamakon a 1990. Abin da suka samu ya saɓa wa zaton mutane da yawa: manoman kusa da birni ba su ƙarar da itatuwansu ba, sassabe rassa suke yi su bar gindi, yawancin itacen kasuwa kuwa daga nesa ake kawo shi.

To, amma ƙirga itatuwa kawai ba ya nuna gobe. Mai nazarin daji yakan auna kaurin kowane gindi, ya ware manya daban, ƙanana daban. In ya tarar da manyan ɗorawa ba 'ya'ya a ƙarƙashinsu, ya san ranar da guguwa ta kayar da su an yi sallama da kalwar daddawa ke nan. Binciken da Muhammad Usman da Janet Nichol suka wallafa a 2019 ya nuna cewa itatuwan gonakin Kano sun ƙaru ƙwarai bisa ga shekarun 1960, sai dai darbejiya, baƙuwar da aka shigo da ita daga Indiya, ita ce ke cika wuri, itatuwan gado da dama kuwa ba su da masu tasowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akuya ba ta cika damuwa da ɗacin darbejiya ba, amma tsiron ɗorawa ko na gawo sai an kare shi shekaru daga bakin dabba da bakin garma. A Maraɗi, tun cikin shekarun 1980, manoma suka rungumi sassabin zamani, watau barin tohon kututture ya girma, kuma an ga amfaninsa.

Wannan ma'auni shi ne ya kamata a ɗora wa makaranta. Da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta a watan Satumba na 1976, an shirya wa yara kimanin miliyan 2.3 ne a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Rajista ta cika, jami'ai suka yi murna da alkaluma, alhali tambayar mai bincike daban ce: cikin waɗanda aka rubuta, nawa ne suka kai aji shida, kuma nawa ne 'yan mata? Yaron da aka ɗauka ya fice a aji uku tamkar tsiron da ya fito a damina ne, bazara ta ƙone shi.

Batun aiki kuwa, Polly Hill ta yi zaman bincike a Dorayi, maƙwabciyar wannan yanki, a farkon shekarun 1970, littafinta ya fito a 1977. Ta tarar da manyan gidaje cike da jama'a, gonaki kuwa sun yi ƙanƙanta saboda rabon gado, har 'ya'yan talakawan manoma da yawa ba su da abin da za su gada sai ƙwadago. Tun a lokacin gandu ya fara kasa ɗaukar 'ya'yansa aiki.

Bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978 da zuwan sabon matsugunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo, gonakin Rijiyar Zaki da yawa sun zama fulotai. Gonar da aka yanka ba ta ɗaukar ɗa noma, mai fuloti kuma ba ya barin tsiron gawo a inda zai haƙa harsashi. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai ba sai ya yi nisa daga ƙofar jami'a ba: ya auna kaurin itatuwan da suka rage, ya nemi rajistar firamare ta shekaru shida baya, ya bi sawun sunayen ɗaya bayan ɗaya.