Ƙidayar jama'a a Dakusa: inda lissafi ya dogara ga fassara

Nijar ta gudanar da ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012. A ta 2012 an samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a ƙasar, fiye da miliyan 3 da rabi a jihar Damagaram. Sai dai kowane adadi daga tambaya ya faro, ita kuwa tambayar da Faransanci aka tsara ta, alhali a ƙauyukan ƙaramar hukumar Dakusa, cikin gundumar Takeita, da Hausa ake amsawa.

Mu duba kalmar «ménage». Masana ƙidaya suna nufin mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya ƙarƙashin shugaba ɗaya. Idan mai ƙidaya ya fassara ta da «gida», maigida zai lissafo ƙannensa da matansu da jikoki, ko da tukwanensu huɗu ne. Haka kuma tambayar «Ƴaƴanki nawa?» takan ci karo da kunyar ɗan fari, wanda uwa ba ta ambaton sunansa. Ga kuma ƴan cin rani: ƙidayar 2012 a watan Disamba aka yi ta, bayan girbi, lokacin da samari ke barin ƙauye. A bakin uwa, wanda ya tafi Kano «yana nan» cikin iyali.

Da waɗannan alƙaluma ake tsara azuzuwa, rijiyoyi da asibitoci. Saboda haka daidaita fassarar tambayoyin ƙidaya aiki ne da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe.