Ranar Da Tankin Iskar Motarmu Ya Fashe A Aboabo

Ni da yayana mun haɗa jari muka sayi tsohuwar DAF, muna loda goro daga Kumasi zuwa arewa, mu dawo da albasa da wake. Duk ɗan Zango ya san hanyar: Techiman, Kintampo, Tamale, Bolga. Motar ce ke ci da gidaje biyu, shi ya sa duk sidin da za a kashe mata sai mun juya shi sau uku.

Wata damina direbanmu ya ce ɗaya daga cikin tankunan iskar birki na yoyo, tsatsa ta huda ƙasansa. Lodi na jira, kuɗi sun tafi sayen kaya. Sai wani mai walda a lungunmu ya ce mini: "Alhaji, ai wannan ba abin damuwa ba ne. Ina da bututun ƙarfe mai kauri, in yanka, in toshe bakinsa biyu da faranti, gobe ka ɗauka." Kuɗinsa bai kai rabin na tankin kamfani ba. Na ɗaga na ji nauyi, na ƙwanƙwasa na ji ƙarfi, aka shafa masa baƙin fenti. Na ce shi ke nan.

Tafiya biyu ya yi lafiya. A ta uku, bayan sallar asuba, direba ya tada inji a Aboabo yana jiran iska ta cika. Ina tsaye ina shan koko sai na ji ƙara kamar an buga bindigar toka a kunnena. Farantin gefe ɗaya ya ɓalle, ya tashi ya daki katangar maƙwabci ya fasa bulo. Yaron motarmu, ɗan ƙanwata ne, bai daɗe da fitowa daga ƙarƙashin motar ba. Ya kwana uku kunnensa na kuwwa. Har yau in na tuna, ban san da bakin da zan je wa uwarsa ba.

Ranar na nufi Suame Magazine, unguwar nan ta masu gyaran mota da 'yan sifiya wadda da wuya ka sami irinta a Afirka ta Yamma. Na kai wa wani dattijon fita gutsuren. Ya juya shi, ya dube ni, ya ce: "Ɗana, gangar ruwa aka yi maka, ba tankin iska ba."

Ya zaunar da ni ya yi mini lissafi. Babbar mota na tara iska wajen ba 8 zuwa 10 a geji, wasu ma sun fi haka. Ba ɗaya kuwa kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan ɗan fili mai santimita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi. Ke nan farantin da faɗinsa ya kai santimita 30, a ba 10, yana tokare nauyin kusan tan 7. Wannan nauyin duka a kan zaren walda guda! Abin da ya sa tankin kamfani ke da kai mai ƙoƙo ke nan, don matsin ya rabu ko'ina. Shimfiɗaɗɗen faranti kuwa lanƙwashewa yake yi kaɗan-kaɗan duk cikawa da sauka, har waldar ta gaji ta tsage.

Ya ce kuma iska ba ruwa ba ce. Ruwa ba ya matsuwa, in tankinsa ya tsage yoyo kawai zai yi. Iska kuwa an danne ta ne, tana samun hanya za ta fita gaba ɗaya, ta tafi da ƙarfen. Don haka ne ake gwada tanki da ruwa, a matsa shi har ya kai ninki ɗaya da rabi na aikin da zai yi. Namu ba wanda ya gwada shi da komai.

Na tambaye shi batun tukunyar gas, don na sha ganin masu faci da direbobi sun mai da ita tankin hura taya. Ya girgiza kai. Ragowar gas na maƙalewa a ciki ko an ce ta ƙare, wutar walda na taɓa ta sai ta tashi da mai aikin. Sannan ba ta da wurin tsiyaye ruwa a ƙasa. Kwampreso kuwa da iska da danshi yake turawa, kuma kun san danshin Kumasi. Ruwan ya kwanta, tsatsa ta ci daga ciki, fentin waje na ta ƙyalli.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da ya ce mu gode Allah a tsaye abin ya faru. In iska ta zube a kan tafiya, birki na iya yin sanyi, ko sifirin ya damƙe tayoyin baya farat ɗaya. Ka ɗauka a gangara ne, da lodi har sama.

Mun sayi tankin da aka ciro daga wata motar irin tamu. Kafin mu biya sai da ya nuna mini rubutun kamfani a jikinsa, mai ɗauke da lita da iyakar matsi da shekarar ƙira, ya haska fitila ya duba ciki, ya gwada bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa. Ya ce tankin da ya ruɓe canza shi ake yi, ba a yi masa faci.

Yanzu doka ce a motarmu: kullum direba zai ja bawul ɗin ƙasa ruwa ya fita, kuma ba mai shiga ƙarƙashi iska na cika. Na gaya wa iyalina ma, kada yara su yi wasa kusa da tankin mai faci.

'Yan'uwa fatake, hikimar masu waldarmu ba abin rainawa ba ce, su suka riƙe motocinmu a kan titi. Ku ba su bodi, ku ba su ƙofa da kariya. Amma tankin iska, ku je ku nemi na kamfani, ko da lodi zai kwana biyu yana jira. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya dawo da kowa gida lafiya.