Yadda Na'urorin Jirgin Ruwa Ke Magana Da Juna, Da Abin Da Ya Haɗa Su Da Wayar Hannu

Kaduna ba ta da teku, amma a Kakuri akwai tashar jiragen ruwa ta kan tudu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Janairun 2018. Kwantenar da ta iso can daga ƙasar waje sai da ta ratsa teku kafin a sauke ta a bakin ruwa a Legas. Ɗan kasuwar da ke jiran kayansa a Makera ko Barnawa yana iya buɗe manhaja irin MarineTraffic ya ga inda jirgin yake da saurin da yake tafiya. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne na'urorin jirgin suna da harshe ɗaya da suka amince da shi.

Harshen farko: NMEA 0183

A cikin jirgi akwai na'urar GPS, da mai auna zurfin ruwa, da kamfas, da rediyo, kuma sau da yawa kamfanoni daban-daban ne suka ƙera su. Don su fahimci juna, wata ƙungiyar masu harkar na'urorin jiragen ruwa a Amurka mai suna NMEA ta fitar da tsarin NMEA 0183 a shekarar 1983.

Tsarin yana aika bayanai ne a matsayin gajerun layukan rubutu. Layi yakan fara da alamar $ a mafi yawan lokuta, ba ya wuce haruffa 82, kuma waƙafi ne ke raba bayanan ciki. Layin da ya fara da $GPRMC, alal misali, yana ɗauke da lokaci, da wuri, da sauri, da alkiblar tafiya. A kan waya guda na'ura ɗaya ce kawai ke magana, sauran suna sauraro, kuma saurin aikawar bit 4,800 ne a daƙiƙa.

Sabon tsari da masu fassara

NMEA 2000 ya zo da babbar waya ɗaya da ke ratsa jirgi, kowace na'ura ta jona a jikinta, ta aika kuma ta karɓa. An gina shi a kan fasahar CAN da ake amfani da ita a motoci, saurinsa bit 250,000 a daƙiƙa. Sai dai tsarin biyu ba sa jin juna kai tsaye. Mai tsohuwar GPS da sabon allo dole ya sa na'urar fassara a tsakani, irin Actisense NGW-1. Akwai kuma masu tattara bayanan su watsa ta Wi-Fi, ta yadda waya ko kwamfutar hannu za ta zama allon jirgi.

Na'urar AIS, wadda ta zama dole ga manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe tun ƙarshen 2004, tana karɓar wurin da jirgi yake daga GPS ta watsa shi ta rediyo. Tashoshin bakin teku da taurarin ɗan'adam suna kama saƙon su tura intanet. Daga nan yake isowa wayar ɗan kasuwar Kakuri.

Inda kuskure ke shigowa

Na'urar GPS da ke cikin yawancin wayoyin Android ita ma tana fitar da waɗannan layuka, kuma akwai manhajojin da ke nuna su. Haka ma yawancin na'urorin bin sawu da ake maƙala wa mota ko Keke Napep. A nan ne mutum zai iya tafka kuskure idan bai san yadda ake juya lambobin ba.

NMEA yana rubuta wuri da digiri da minti a haɗe. A ɗauki wani wuri a yankin Kakuri: 1028.500,N,00725.200,E. Ma'anarsa digiri 10 da minti 28.5 arewa, digiri 7 da minti 25.2 gabas. Lambobin da Google Maps ke bayarwa idan an taɓa wuri kuwa digiri ne zalla mai ɗigo. Tun da minti 60 ne ke yin digiri ɗaya, sai a raba mintin da 60. Amsar ita ce 10.475 da 7.420.

Wanda ya matsar da ɗigo kawai ya rubuta 10.285 da 7.252, taswira ba za ta gargaɗe shi ba. Za ta nuna masa wani wuri mai nisan kusan kilomita 28 kudu maso yamma, can wajen gari. Ga mai neman babur ɗin da aka sace, ko mai tura wa masu ceto inda ambaliyar kogin Kaduna ta tare mutane da damina, wannan ratar na iya jawo asarar dukiya ko ta rai.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke rikita mutane. Lokacin da ke cikin layin na agogon duniya ne, wato UTC, don haka sai an ƙara awa ɗaya a sami lokacin Najeriya. Saurin kuma ba da kilomita ake ba da shi ba, da awon jiragen ruwa ne da ake kira "not", wanda guda ɗaya ya yi daidai da kilomita 1.852 a awa.

Don haka kafin a tura wa wani lambobin wuri, ya kamata a duba tsarin da aka rubuta su, a liƙa su a taswira a tabbatar alamar ta faɗa inda ake tsaye. Idan da gaggawa, maɓallin aika wuri na WhatsApp ko Google Maps ya fi aminci, domin shi ba ya buƙatar a kwafi ko lamba ɗaya da hannu.