Ƙidaya kafin kuri'a: abin da lissafi ke faɗa game da adashi da caca

Da wuya a sami unguwa a Garwa, daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya, da babu mata masu zuba adashi. Ranar da za a tsara kwasa, uwar adashi takan rubuta lambobi a 'yan takardu, ta naɗe su, ta zuba a ƙwarya, kowa ta sa hannu ta ɗauka. A nan ne gardama kan tashi, domin kowa na son ta riga ɗauka, bisa zaton wadda ta zo ƙarshe saura kawai za ta tarar. Shin wannan zato gaskiya ne? Amsar tana cikin darasin da 'ya'yanmu ke koyo a manyan azuzuwan lise, wanda ake kira dénombrement da Faransanci, wato ƙidayar hanyoyin da abu zai iya faruwa.

Ƙa'idar farko ita ce: idan mataki na ɗaya yana da hanyoyi kaza, na biyu kuma yana da hanyoyi kaza, sai a ninka su a sami jimillar hanyoyi. Ta biyu: idan duk hanyoyin daidai suke, yiwuwar abin da kake so ita ce adadin hanyoyin da suka dace da kai a cikin wannan jimilla.

Mu ƙaddara mata huɗu ne a adashin. Kwasar farko tana iya faɗawa kan ɗaya cikin 4, ta biyu cikin 3 da suka rage, ta uku cikin 2, ta ƙarshe kan 1. In aka ninka 4 × 3 × 2 × 1 za a sami jeri 24. A cikinsu kowace mace ita ce ta farko a jeri 6, wato rubu'i ke nan ga kowa. In kuwa su goma ne, wadda ta fara sa hannu tana da dama 1 cikin 10 ta ɗauki lamba ɗaya. Ta biyu sai ta farko ta kuskure, wato 9 cikin 10, sannan ita ta dace a takardu tara da suka rage, wato 1 cikin 9. Ninka su ya sake ba da 1 cikin 10. Haka lissafin yake har kan ta goma. Ashe babu wadda aka zalunta, muddin takardun iri ɗaya ne kuma an cuɗa su sosai.

Kuri'a irin wannan tana da asali a addini. Alƙur'ani ya ambace ta a ƙissar riƙon Nana Maryamu cikin Suratu Ali Imrana, kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) yakan yi kuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A adashi kowa za ta karɓi daidai abin da ta zuba, lokacin karɓa kaɗai ake rabawa.

Ita ma ƙidayar malaman Musulunci sun daɗe da saninta. A ƙarni na 8 Miladiyya, Halilu ɗan Ahmad na Basra, mai Kitabul Aini, ya lissafa kalmomin da haruffan Larabci 28 za su iya haifarwa: masu harafi biyu mabambanta 28 × 27, wato 756, masu uku kuwa 19,656. Ibn Mun'im na Marrakesh, wanda ya rasu a 1228, ya faɗaɗa wannan fanni. Sai a 1654 Faransawa biyu, Pascal da Fermat, suka yi musayar wasiƙu kan rabon kuɗin wasan da aka katse, daga nan ilimin yiwuwa na zamani ya kafu.

Yanzu mu ɗauki wannan ma'auni mu je rumfunan PMUC, inda ake zuba kuɗi kan sukuwar dawaki da ake yi a Faransa. A tiercé, mutum zai faɗi doki na ɗaya da na biyu da na uku a jere. In dawaki 16 ne, kuma muka ɗauke su daidai, hanyoyin su ne 16 × 15 × 14, wato 3,360, ɗaya tak ce daidai. A quinté, mai dawaki biyar, adadin ya kai 524,160. Wanda ke sayen tikiti ɗaya kullum zai buƙaci fiye da shekara 1,400 kafin ya sayi tikiti masu wannan yawa. Haka cacar ƙwallo ta wayar salula: kowane wasa ci ne ko rashi ko kunnen doki, saboda haka wasa goma a haɗe suna da sakamako 59,049.

Wani zai ce ai dawaki ba ɗaya ba ne, shi ya san gwanaye. Gaskiya ne, amma gwanin da ya sani jama'a ma sun san shi, kuma kuɗin ana raba shi ne tsakanin duk waɗanda suka dace, bayan kamfani da hukuma sun cire nasu kaso. Don haka abin da ke komawa hannun masu zubi, in an haɗa su duka, kullum bai kai abin da suka zuba ba. Abin da mutum ɗaya ya ci, kuɗin cefane da na makarantar gidaje da yawa ne. Allah Ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90, wannan kuwa ya wadatar da mumini. Lissafi shaida ce kawai ga mai sauran shakka.

Muna roƙon iyaye su zauna da yaransu da 'yan takardu huɗu da ƙwarya, su jera hanyoyin nan 24 da hannunsu. Yaron da ya ƙidaya da kansa zai amfana a jarrabawar bakaloriya, kuma zai yi wuya mai rumfa ya ruɗe shi da labarin wanda ya ci miliyan. Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mana zuriya, amin.